Sifili Dubu Talatin da Biyu

Sati uku ke nan akwatuna arba'in suna jere a kan dogon tebur a shagon Alhaji Mas'udu da ke Damba a Gusau, an gama haɗa su, an ɗaure wayoyinsu, amma ko ɗaya bai taɓa tayar da famfo ba. Na rijiyoyin burtsatse ne masu aiki da hasken rana. Kowane akwati aikinsa ya kunna famfo, ya auna ruwan da aka ja, ya kashe in an cika ƙa'idar yini, don kada a ƙafar da rijiya tun rani bai yi nisa ba. Ƙungiyoyin manoma na Bungudu da Tsafe ne suka ba da aikin, kuma babu ranar da shugabanninsu ba sa bugo waya.

Abin da ya tsayar da komai ɗan ƙanƙane ne. A cikin kowane akwati akwai ayisi guda, baƙi, bai kai faɗin farce ba, shi ne ƙwaƙwalwar akwatin. Ma'ajiyarsa kilobait sittin da huɗu take ɗauka. Manhajar da Injiniya Abdulƙadir ya rubuta kuwa, in an harhaɗa ta ta zama fayil, saba'in da biyu take kaiwa. Ta ƙi shiga.

Abdulƙadir ya shekara goma sha ɗaya a shagon, kuma shi kaɗai ne yake rubutu da harshen asembili, wanda ake yi wa na'ura magana da shi ɗaya bayan ɗaya, a ce mata ɗauki wannan, ajiye can. Yana ji da wannan sani nasa ƙwarai. Da Alhaji ya ɗauki Bara'atu aiki wata takwas da suka wuce, aka ce ita ma ta karanci harshen a makaranta, sai Abdulƙadir ya miƙa mata tef da alƙalami, ya ce ta riƙa liƙa wa wayoyi lamba. Har yau aikin da take yi ke nan. Bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce, "Ke 'yar Kucheri," yana jan sunan garin kamar wani abin kunya.

Ranar Litinin Alhaji ya shigo da waya a hannu, fuskarsa a ɗaure.

"Injiniya, mutanen Karakkai sun ce albasarsu ta fara kwantawa. Me zan gaya musu?"

"Ka gaya musu ayisin da ka sayo ƙanana ne," in ji Abdulƙadir, ko juyowa bai yi ba. "Na rage duk abin da zai ragu. A cire su, a yo odar manya."

"Arba'in ɗin? Bayan an liƙe su da dalma? Kafin su iso damina ta faɗi!"

"To ban san yadda ake cusa raƙumi a akurki ba, Alhaji."

Alhaji ya yi tsaki. Ya juya ga Bara'atu ya ce ta kwafe masa fayil ɗin gaba ɗaya, zai aika wa wani masani a Zariya ya duba. Abdulƙadir ya cillo mata ɗan filas ɗin kwafar fayil a kan tebur, ya zame ya faɗi ƙasa. Ta sunkuya ta ɗauka.

Ba a ce ta buɗe ba, amma ta buɗe. Ta sa fayil ɗin a manhajar da ke nuna cikinsa lamba-lamba, ta riƙa gangarawa. Da farko umarni ne, lambobi a cakuɗe kamar yadda ya kamata. Can sai ta faɗa cikin sifili. Ta gangara, sifili. Ta ƙara gangarawa, shafi bayan shafi, babu komai sai sifili a jere. Ta ƙirga: dubu talatin da biyu da 'yan kai. Kusan rabin fayil ɗin.

Ta koma kan rubutun asali ta nemo inda suka fito. Layi ɗaya ne. Abdulƙadir ya ware wani babban fili inda akwatin zai riƙa rubuta lissafin ruwan kowace awa, ya sa shi a sashen da ake kira data, inda ake ajiye abubuwan da suke da ƙima tun farko, ya ce a cika shi da sifili. Tunda ya faɗi abin da za a zuba, dole fayil ɗin ya ɗauko kowane sifili ya taho da shi. Alhali akwai wani sashe, bss, wanda ba a zuba masa komai. Girman filin kawai ake faɗa, fayil ɗin ya riƙe lambar, in na'ura ta tashi ta ware wurin a ƙwaƙwalwarta ta aiki.

Ta jira har Abdulƙadir ya dawo daga sallar azahar, ta je ta tsaya a gefen kujerarsa.

"Injiniya, na ga wani abu a fayil ɗin. Filin lissafin ruwa, da an mai da shi..."

"Wa ya ce ki buɗe?"

"Babu. Amma sifili ne kawai ya..."

"An ce ki kwafa. Kin san ma'anar kwafa?" Ya ɗago ya dube ta sama da ƙasa. "Ina rubuta wannan harshe kina tallar gyaɗa a tashar Tsafe. Koma kan tef ɗinki."

Ba ta taɓa tallar gyaɗa ba. Mahaifinta manomin gero ne da ya sayar da shanun huɗarsa biyu ya kai ta makaranta. Ta koma wurinta. Amma ba ta taɓa tef ba. A cikin nata kwafin ta ɗauke layin nan ta mayar da shi ɗaya sashen, ta harhaɗa. Kilobait arba'in. Ta jawo akwati ɗaya, ta haɗa shi da kwamfutarta, ta tura. Ya shige. Ɗan allon akwatin ya kawo haske, ƙaramin famfon gwaji da ke cikin bokiti ya fara tsartuwa.

Ƙarar ruwan ce ta fito da Alhaji daga ofishinsa. Abdulƙadir ma ya taso. Ya leƙa allon kwamfutarta, da ya ga lamba arba'in sai ya daka tsawa har masu walda na maƙwabta suka leƙo.

"Ta goge mini aiki! Alhaji, dubi nan da idonka. Saba'in da biyu na ba ta, ga arba'in. Ina sauran? Aikin wata huɗu, ta yanke rabinsa ta zubar don ta burge ka!"

Alhaji bai san asembili ba, amma ya san saba'in da biyu ta fi arba'in. Ya juyo yana kallonta da zargi.

"Bara'atu, me kika cire?"

"Wallahi Alhaji ko umarni ɗaya ban cire ba. Fili ne babu komai a ciki." Ta dake. "Kamar ka aika Bungudu ne a tanadar maka wurin buhu talatin. Shi ya loda buhunan wofi talatin a mota ya aika, mota ta cika. Ni kuma na aika da takarda, na ce a bar wurin buhu talatin. Wurin yana nan, bai ragu ba."

"Ji maganar ƙauye," in ji Abdulƙadir.

Amma ya ja kujera ya zauna a gaban kwamfutarta ba tare da ya nemi izini ba. Ya karanta abin da ta canja. Ya hau sama zuwa farkon rubutun, inda na'ura take fara aiki in ta samu wuta, ya daɗe yana kallo, ya sake saukowa. Tana tsaye a bayansa ta ga kafaɗunsa sun saki. Da ya miƙe, fushin nan duk ya tafi, har da ɗan murmushi.

"Shi ke nan," ya ce. "Tunda ta iya, a kai Karakkai gobe. Amma a sani, aikinta ne. Babu hannuna."

Da ta san shi da kyau, da wannan sauƙin ya tsorata ta. Ita dai ta ɗauka kunya ce ta kama shi.

Suka tashi da sassafe a motar shago, don kowa yana so a dawo Gusau kafin la'asar. Rijiyar tana bayan gari, a tsakanin gonakin albasa da wani fili da shanu suka tattake. Bututu biyu ne suka fito daga tanki, ɗaya ya nufi gonaki, ɗaya ya zuba a doguwar kwatarniyar siminti ta shayar da dabbobi. Baba Tambaya, shugaban manoman, dattijo siriri mai faɗa da hannu, shi ya tarbe su. Can gefe kuma Ardo Usman yana tsaye ya rataya sanda a kafaɗa, shanunsa sun fi hamsin a bayansa. An daɗe ana jayayya kafin a yarda manoma da makiyaya su sha rijiya ɗaya, kuma akwatin nan aka sa ya zama alƙali, tunda shi ba ɗan uwan kowa ba ne.

Bara'atu ta ɗaura akwatin a jikin ginshiƙi, ta haɗa shi da kwamfutarta ta gwada. Famfo ya tashi, ruwa ya fara zuba a kwatarniya, shanu suka matso suna turereniya. Baba Tambaya ya ce, "Madalla da ɗiyata." Alhaji ya washe baki. Sai ta zare wayar kwamfuta, ta kashe akwatin, ta mai da shi kan batirin sola inda zai zauna, ta kunna.

Allon ya kawo haske. Famfo bai motsa ba. A jikin allon aka rubuta cewa ruwan yau ya ƙare, an ja lita miliyan huɗu da wani abu.

Ta kashe, ta kunna. Yanzu lita dubu ɗari tara. Ta sake. Wata lambar daban, ita ma ta hauka. Ruwan da ya zuba a kwatarniya ko idon sawu bai kai ba, shanun gaba suka shanye, na baya suka fara kuka suna tunkuɗo su.

Ardo Usman ya sauke sandarsa daga kafaɗa.

"Tambaya, mi ke nan? Da ana gwada na gonakinku ruwa ya taho. Da shanu sunka kai baki sai ya ɗauke?"

"Wane na gonaki? Ka ga ɗigo ya tai gona?"

"Tun asuba na hana su zuwa gulbi don kun ce yau akwai ruwa. Wanga abu ku kunka kawo shi, ku kunka san abin da kunka hwaɗa mai."

"Kai Usman, ka iya bakinka!"

Mutane suka fara taruwa, na gona da fartanya a hannu, na shanu da sanduna. Ba wanda ya ɗaga wa wani komai, amma kowa ya koma ɓangaren nasa ya tsaya. Alhaji yana ta ba da haƙuri, gumi ya jiƙa masa hula. Ya juya ga Abdulƙadir, wanda ya jingina da mota ya harɗe hannuwa.

"Injiniya, taimaka mana mana!"

"Ni?" Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ai na faɗa tun jiya babu hannuna. Ga mai aikin nan. Ku tambaye ta inda ta kai rabin manhajar."

Idanu suka dawo kanta gaba ɗaya. Wani daga cikin manoman ya ce dama wa ya aiki mace da aikin rijiya. Baba Tambaya da ya kira ta ɗiyarsa ya kau da kai.

Bara'atu ta juya ga allon. Ta ƙura wa lambar ido. Duk kunnawa da tata lambar. Ba lissafi ne ya karkace ba, da ya karkace da iri ɗaya zai riƙa bayarwa. Akwatin yana karanta wani abu ne da ba wanda ya rubuta. Nan take ta gane, har ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai.

A cikin manhajar ta ce a bar wa lissafin wuri, amma ba ta ce a share shi ba. A babbar kwamfuta akwai mai share irin wannan fili kafin manhaja ta fara aiki. A ɗan ayisin nan babu kowa. In wuta ta zo, ƙwaƙwalwarsa takan farka da tarkacen lambobi barkatai, kuma akwatin ya ɗauki tarkacen a matsayin lissafin ruwa. A shago bai nuna ba saboda na'urar da ke tura manhaja daga kwamfuta tana share ƙwaƙwalwar da kanta. Sifilin Abdulƙadir, duk da nauyinsu, wannan aikin suke yi. Ta cire su ba ta sa madadinsu ba. A aji an faɗa musu wannan, a wata ranar da ta rubuta ta wuce.

Ta nufi Ardo Usman kai tsaye, ta ɗan rusuna.

"Baba Ardo, ba Baba Tambaya ba ne, ba kuma manoma ba ne. Kuskurena ne, ni na yi shi da hannuna. Ka ba ni minti goma."

Ya dube ta, ya dubi shanunsa. "In ya wuce fa?"

"In ya wuce zan cire akwatin in haɗa famfon kai tsaye, shanunka su sha, ni kuma a kore ni."

Ya mai da sandar kafaɗa.

Ta zauna a kan bulo cikin rana, ta ɗora kwamfutar a cinya, ta ja mayafinta ta yi wa allon inuwa. A farkon manhajar ta rubuta layi shida: nuna farkon filin, riƙe adadinsa, zuba sifili, matsa gaba, rage ɗaya, koma har ya ƙare. Ta harhaɗa. Fayil ɗin ya ƙaru da bait ashirin da biyu kacal. Ta tura, ta zare waya, ta kashe akwatin gaba ɗaya, ta ƙirga goma a zuciyarta, ta kunna.

Allon ya nuna sifili. Famfo ya yi ƙugi a can ƙasa, bututu ya yi tari sau biyu, ruwa ya ɓarke a kwatarniya.

Ba ta tashi ba. Ta kashe, ta kunna, har sau biyar, mutane suna gunaguni duk lokacin da ruwan ya tsaya. Sai da ta tabbata sannan ta rufe akwatin ta ɗaure. Ba wanda ya yi mata tafi. Ardo Usman ya kora shanunsa layi-layi suka sha, da zai wuce ya ce mata, "Kin hwaɗi gaskiya dai," ya tafi abinsa. Shi da Baba Tambaya ba su yi sallama ba.

A hanyar dawowa Alhaji ne yake tuƙi, Abdulƙadir a gefensa, ita a baya da kayan aiki. Suka wuce Bungudu. Ita kuwa tana ta tuna yadda Abdulƙadir ya hau farkon rubutun jiya ya daɗe yana kallo. Wurin da layi shidan nan ya kamata su kasance, nan ya kalla.

"Injiniya," ta ce. "Ka gani tun jiya."

Bai juyo ba, ta ci gaba.

"Ka ga ban share filin ba. Ka san abin da zai faru in an cire wayar kwamfuta. Ka bari muka zo."

"Ni ba malaminki ba ne," ya ce, yana kallon titi. "Wanda ya ce ya iya, ai ba a koya masa."

"Mutanen nan saura kaɗan su daki juna."

"Ke kika kai su, ba ni ba."

Alhaji ya taka burki ya gangara gefen hanya.

"Abdulƙadir, da gaske ka gani?"

"Alhaji, shekara goma sha ɗaya ina maka aiki. Yau za ka tsare ni a titi saboda yarinyar da ta kusa haɗa maka faɗan manoma da makiyaya?"

Alhaji ya yi ƙwafa, ya tayar da mota.

Bara'atu ta zaci za a yi wani hukunci. Ba a yi ba. Alhaji yana buƙatar Abdulƙadir, don duk tsofaffin na'urorin da shagon ya sayar shi kaɗai ya san cikinsu. Abin da ya yi kawai, ya raba akwatunan, ya ba ta na Tsafe guda goma sha takwas, ya bar wa Abdulƙadir na Bungudu, ya sa aka juya teburanta ya fuskanci bango. Tef da alƙalami aka ajiye su a durowa, kowa ya riƙa liƙa wa wayoyinsa lamba. Abdulƙadir ya sa wa kwamfutarsa lambar sirri, ya daina amsa gaisuwarta. Bayan sati ɗaya ita ma ta daina yi.

Cikin wata guda duk akwatunan suka hau rijiyoyinsu. Ranar da aka ɗaura na Kucheri mahaifinta ya zo ya tsaya daga nesa da abokansa, bai tafi ba har aka gama.

Da aka zo haɗa takardun miƙa aiki, Alhaji ya ba ta fayil ɗin Bungudu ta buga. Ta buɗe. Filin lissafin ruwa yana sashen bss. A farkon manhajar ga layinta shida, ko sunayen da ta raɗa wa alamomin bai canja ba. A samansu an rubuta: gyaran Injiniya Abdulƙadir.

Ta buga shafin, ta je ta ajiye masa a kan tebur, ta sa yatsa a kan layin.

"Akwai kuskuren rubutu a nan, Injiniya."

Ya dubi takardar, ya dube ta. "Shagon nan ni na gina shi. Duk abin da aka rubuta a cikinsa nawa ne."

"To ka riƙe. Amma in manoma sun tambaye ka me ya sa sati uku fayil ɗin bai shiga ba, wannan ma naka ne."

Ya dunƙule takardar ya jefa a kwando. Ta koma teburanta ta sake buga wata, ta sa a cikin takardun yadda take, da sunansa a kai, ta kai wa Alhaji ya sa hannu. Daga nan ta ɗauki jakarta, don mutanen Tsafe sun bugo cewa ɓera ya ci wayar wani akwati, kuma motar ƙarfe goma ba ta jira.